Neman Gurbin Digiri na Uku da Tallafin Karatu: Nazari a Kan Malaman Jami'ar Wudil

1.0 Gabatarwa

Digiri na uku, wanda aka fi sani da digirin digirgir, shi ne shaidar cewa malamin jami'a ya ƙware wajen gudanar da bincike shi kaɗai, har ya isa ya duba aikin wani. A tsarin ƙarin girma na jami'o'in Nijeriya, malamin da bai mallaki wannan digiri ba yakan cije a matakin lakcara na ɗaya. Da wuya ya haye zuwa babban lakcara, ballantana a yi maganar farfesa. Ita ma jami'ar tana da tata buƙatar, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, tana duba yawan masu digiri na uku a kowane sashe kafin ta tantance kwasa-kwasansa ko ta ba shi izinin buɗe karatun manyan digirori.

Wudil wuri ne da ya dace da irin wannan nazari. Garin yana bakin kogi, a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma yana da manyan makarantu biyu masu ba da digiri. Ta farko ita ce jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kano, wadda ta fara aiki a 2001 a zangon farko na mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a 2022. Ta biyu ita ce Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Nijeriya. Wannan maƙala ta fi karkata ga ta farko.

Manufar maƙalar ita ce fayyace matakan da malami ko ɗalibin wannan jami'a yake bi wajen neman gurbin digiri na uku da kuɗin yin sa, da nuna inda matakan suke sarƙewa. Matsayin maƙalar shi ne, gurbi da tallafi ƙofofi biyu ne dabam, kowace da mai tsaronta da lokacin buɗewarta, kuma sauye-sauyen da aka samu daga 2023 zuwa 2025 sun mayar da nauyin horar da malaman Wudil kan jami'o'in cikin gida.

2.0 Waiwayen Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayi mafi daɗewa a kan wannan batu shi ne na Kwamitin Ashby, wanda aka kafa a 1959 ya miƙa rahotonsa a 1960. Kwamitin ya ɗauki ilimi mai zurfi a matsayin jarin da sabuwar ƙasa za ta zuba don samar wa kanta ƙwararrun ma'aikata. A wancan zamani, kusan duk ɗan Nijeriyan da ya yi digiri na uku a Ingila ko Amurka ya yi shi, ya dawo ya gaji kujerar Baturen da ya koyar da shi.

A shekarun 1980 Bankin Duniya ya zo da wani ra'ayi na dabam, cewa kuɗin da aka kashe a ilimin firamare ya fi na jami'a amfani ga al'umma. Wannan ra'ayi ya haɗu da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta faɗi, ɗakunan gwaje-gwaje suka lalace, manyan malamai da dama suka yi ƙaura. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, a ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta ƙalubalanci wannan matsayi, kuma yarjejeniyar da ta cimma da gwamnati a 1992 ita ta haifi dokar harajin ilimi ta 1993. Shi kansa Bankin Duniya ya sassauto daga baya, a rahoton haɗin gwiwa da ya fitar tare da UNESCO a 2000, inda aka amince cewa ƙasashe masu tasowa ba za su ci gaba ba idan jami'o'insu suka durƙushe.

Aikin da ya fi shafar Wudil kai tsaye shi ne rahoton kwamitin binciken buƙatun jami'o'in gwamnati na 2012, wanda Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta. Rahoton ya ƙirga malamai 37,504 a jami'o'in gwamnati, ya kuma gano cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai suke da digiri na uku. Ya ambaci jami'ar Wudil da suna, ya ce bayan shekara 11 da kafuwa tana da farfesa ɗaya tak da masu digiri na uku 25. Lamarin ya sauya matuƙa daga wancan lokaci, sai dai wannan adadi yana bayyana dalilin da ya sa aka yi ta rububin tura matasan malamai ƙaro karatu a shekarun da suka biyo baya.

Duk waɗannan ra'ayoyi daga sama suke kallon matsalar, ta fuskar ƙasa da kasafin kuɗi. Ba su tsaya a kan abin da mai nema shi kansa yake fuskanta ba, tun daga ranar da ya yanke shawara har ranar da ya yi rajista. Wannan giɓi ne maƙalar ta nufa.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyar nazarin takardu. An duba dokokin da suka kafa asusun tallafi, da sanarwar hukumomi, da sharuɗɗan da makarantun manyan digirori suke bugawa a tallan ɗaukar ɗalibai. An taƙaita nazarin daga 2011, shekarar da aka yi dokar asusun tallafi na TETFund, zuwa 2025. An fi mayar da hankali ga fannonin kimiyya da injiniya da noma da muhalli, domin su ne ginshiƙin jami'ar Wudil, kuma su ne suka fi cin kuɗin bincike.

4.0 Neman Gurbi

4.1 Sharuɗɗan Cikin Gida

Jami'o'in da malamin Wudil ya fi nufa su ne Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai kuma makarantar manyan digirori ta ita kanta jami'ar Wudil. Sharuɗɗansu suna kama da juna: sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, digiri na farko mai kyau, takardar yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa, da digiri na biyu wanda aka rubuta kundi a cikinsa. Yawanci ana neman matsakaicin maki 3.50 cikin 5.00 a digiri na biyu, wasu sassan kuma sukan ɗaga zuwa 4.00. Wanda makinsa ya gaza akan ba shi gurbin share fage, idan ya nuna ƙwazo a ɗaga shi. Mafi ƙarancin lokacin karatu ga ɗalibin cikakken lokaci shi ne zango shida, wato shekara uku.

Abin lura a nan shi ne digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na ilimi, mai kundin bincike, akwai kuma na sana'a, wanda ma'aikata suke yi a ƙarshen mako. Na biyun ba ya kai mutum digiri na uku a mafi yawan sassa, kuma masu nema da dama ba sa gane haka sai sun sayi fom.

Takardar da ta fi kowace ba da wahala ita ce ta cikakken sakamako, wadda ke ɗauke da makin kowane kwas. Ba a ba ɗalibi ita a hannu. Jami'ar da ya gama ce take aika wa jami'ar da yake nema kai tsaye. Mai nema zai biya kuɗi, ya bi fayil daga sashe zuwa tsangaya zuwa ofishin rajistara, wani lokaci a ce jami'in jarrabawar da ya riƙe sakamakon wata shekara ya bar aiki, sai an tono tsofaffin takardu. Aikin da ya kamata a gama cikin mako biyu yakan ci watanni. Mai hankali da wannan takarda yake farawa, tun kafin a fitar da talla.

4.2 Ƙudurin Bincike da Jagora

A digiri na uku ba makaranta ce take ɗaukar ɗalibi ba sai a takarda. A haƙiƙa malami ne yake ɗaukarsa. Sashe ba zai ba da gurbi ba idan babu babban malamin da ya yarda ya jagoranci aikin, kuma kowane malami yana da iyakar ɗaliban da zai iya riƙewa. Don haka mai nema wanda makinsa ya kai yana iya rasa gurbi saboda fannin da ya zaɓa babu mai duba shi, ko mai duba shi hannunsa ya cika.

Ƙudurin bincike shi ne abin da ake auna mai nema da shi. Takarda ce ta 'yan shafuka wadda ke bayyana matsalar da za a bincika, da abin da magabata suka yi a kanta, da giɓin da suka bari, da hanyar da za a bi, da kayan aikin da za a buƙata, da jadawalin lokaci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne faɗin take. Wanda ya rubuta cewa zai binciki illar sauyin yanayi ga noma a Nijeriya bai faɗi komai ba tukuna, domin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya da shekara uku. Kuskure na biyu shi ne ɗauko aikin da aka yi a wata ƙasa a sauya sunan gari kawai. Manhajojin gano satar fasaha irin su Turnitin sun sa wannan dabara ta zama hatsari, kuma ko manhaja ba ta kama ba, gogaggen malami yana ganewa daga shafin farko.

A nan ne malamin Wudil yake da wata dama da ba kasafai yake lura da ita ba. Kogin da ya ratsa garin ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, daga nan ya nufi Haɗeja. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992, sun sauya yanayin gudun ruwan, abin da ya taimaka wajen yaɗuwar kachalla a fadamun Haɗeja da Nguru. Dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa yana shiga wannan ruwa kafin ya iso Wudil, inda masunta suke kamun kifi, masu noman rani suke ban ruwa, masu tifa suke ɗibar yashi. Ga kuma kasuwar shanu ta ranar Juma'a, wadda ake lodin dabbobi daga cikinta zuwa kudancin ƙasar. Masanin sinadarai zai iya auna guba a ruwa da laka da naman kifi a damina da rani. Injiniya zai iya bin diddigin yadda ɗibar yashi take cin gaɓar kogi. Masanin kiwo da na tattalin arzikin noma suna da kasuwa guda cur a ƙofar gida. Farfesan da ke Jamus ko Maleshiya yana da na'urori, amma ba shi da wannan kogi, ba shi da Hausar da zai yi hira da masunci. Ƙudurin da aka gina a kan irin wannan matsala, da samfurin da mai nema zai iya ɗebowa da hannunsa, ya fi jan hankalin jagora da mai ba da tallafi fiye da wanda aka gina a kan taken da duk duniya take yayi.

Wasiƙar farko zuwa ga wanda ake so ya zama jagora ita ma tana da ƙa'ida. Al'adar gida ta doguwar gaisuwa da kirari ba ta aiki a wajen farfesan da ke samun irin waɗannan saƙonni da yawa a kowane mako. Abin da yake nema shi ne sakin layi biyu ko uku da ke nuna cewa mai wasiƙar ya karanta wata maƙala tasa, ya ga inda aikinsa zai ɗora a kanta, ya kuma faɗi inda yake sa ran samun kuɗi. Wasiƙa ɗaya da aka aika wa malamai hamsin ba tare da sauya komai ba, ba ta samun amsa.

Batun wallafa ma yana da tarko. Maƙala ɗaya a mujallar da aka sani, musamman wadda ke cikin rumbun Scopus, tana ƙara wa mai nema daraja. Maƙaloli goma a mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da tantancewa ba suna rage masa ita, domin kwamitocin zaɓe sun san sunayensu.

4.3 Ƙarin Sharuɗɗan Ƙetare

Tsarin ɗaukar ɗalibi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila da Maleshiya bincike ne zalla, na shekara uku zuwa huɗu, kuma amincewar jagora ce kan gaba. A Jamus ɗalibi yakan ƙulla da farfesa ɗaya kai tsaye, kuma yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta. A Amurka kwamitin sashe ne yake zaɓe, ana fara karatu da kwasa-kwasai, ana ɗaukar shekara biyar ko fiye, sai dai a fannonin kimiyya gurbin yakan zo tare da aikin mataimakin koyarwa ko na bincike, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na abinci.

Yawancinsu suna neman shaidar iya Ingilishi, IELTS ko TOEFL, wadda shekara biyu kawai take aiki. Wasu suna karɓar wasiƙar da ke nuna cewa da Ingilishi aka koyar da mai nema. Akwai jarrabawar GRE a wasu jami'o'in Amurka da Saudiyya. Mai zuwa Ingila daga Nijeriya sai ya yi gwajin tarin fuka, ya biya kuɗin kula da lafiya na fam 776 a kowace shekara, a wasu fannonin injiniya da kimiyya kuma sai ya sami izini na musamman mai suna ATAS. Ƙasashe irin su Sin suna son a tantance takardu a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja. Duk waɗannan daga aljihun mai nema suke fita tun kafin kowa ya ba shi sisi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

5.0 Hanyoyin Samun Tallafi

5.1 Asusun TETFund

Babu wata kafa da ta horar da malaman jami'o'in jihohi kamar wannan asusu. Dokar 2011 ce ta kafa shi a madadin Asusun Harajin Ilimi na 1993, ta kuma taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati. Kuɗinsa daga ribar kamfanoni yake fitowa: kashi 2 cikin ɗari da farko, aka ɗaga zuwa 2.5 a 2021, sannan zuwa 3 a 2023. Ana raba shi kashi huɗu, jami'o'i su ɗauki biyu, kwalejojin fasaha ɗaya, kwalejojin ilimi ɗaya. Shirin horar da malamai ya fara tun 2008, kafin a sauya wa asusun suna.

Mutum ba ya neman wannan tallafi da kansa. Asusun yana ware wa kowace makaranta kasonta na shekara, malami ya kawo takardar samun gurbi, sashe da tsangaya su amince, kwamitin horar da ma'aikata ya tace, shugaban jami'a ya aika da sunaye Abuja. Wanda aka amince wa sai ya sa hannu a yarjejeniyar dawowa ya yi wa makarantarsa aiki. Wannan tsari yana da sakamako biyu. Na farko, wanda ba malamin dindindin ba ne a makarantar gwamnati ba shi da rabo, komai ƙwazonsa. Na biyu, gasar ta cikin gida ce, tsakanin abokan aiki, kuma kason shekara ba ya isar masu jira. Wani lokaci ma sashe ne yake ƙin sakin malami saboda babu wanda zai riƙe kwasa-kwasansa.

Ta wannan hanya malamai da yawa daga jami'o'in Arewa suka tafi Maleshiya da Ingila da wasu ƙasashe. Maleshiya ta yi farin jini saboda sauƙin kuɗin makaranta, da koyarwa cikin Ingilishi, da kasancewarta ƙasar Musulmi inda mai iyali zai zauna hankali kwance.

Lamarin ya juya a watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake saya a hukumance kimanin Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kasafin da aka yi da Naira ya kasa biyan kuɗin makaranta da ake biya da Dala ko Fam, ɗaliban da ke waje suka shiga ƙunci. A ƙarshen 2024 asusun, a ƙarƙashin Sonny Echono, ya sanar da dakatar da sabon tallafin karatu a ƙetare daga 1 ga Janairun 2025. Dalilai biyu aka bayar: tsadar karatun, da yawan waɗanda aka ɗauki nauyinsu suka ƙi dawowa. Waɗanda suka riga suka fara za su ƙarasa, amma sabon mai nema sai dai ya dubi jami'o'in gida.

5.2 Sauran Kafofin Gwamnati

Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, PTDF, wanda aka kafa a 1973, yana ba da tallafin digiri na biyu da na uku a gida da waje. Ya bambanta da TETFund ta hanyar da mutum yake nema da kansa ta intanet, a tace, a kira shi ganawa. Sai dai dole binciken ya danganci mai da iskar gas ko makamashi. Masu injiniya da ilimin ƙasa da sinadarai da muhalli suna da hanyar shiga, masu noma da kiwo kuwa da ƙyar.

Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ta daɗe tana tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Sin da Maroko da Hangari ta yarjejeniyar musayar ilimi. A 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da wannan shiri, bayan dogon koke na ɗalibai kan rashin biyan alawus.

Jihar Kano tana da nata tarihin. A zangon Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an tura ɗaruruwan matasa ƙetare, rukunin da ya fi shahara shi ne na ɗalibai 501. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da ɗalibai 1,001, mafi yawansu zuwa Indiya. A tsakani kuma, zamanin Abdullahi Umar Ganduje, an yi shirin haɗin gwiwa da Faransa don malaman manyan makarantun jihar. Abin da ya kamata a lura shi ne shirye-shiryen 501 da 1,001 sun fi karkata ga digiri na biyu. Sun samar da ɗimbin matasa da suka cancanci neman digiri na uku, wasunsu suna koyarwa a makarantun jihar, amma ba a yi wa mataki na gaba tanadi mai girman na farko ba. Ƙari a kan haka, tallafin jiha yana bin ra'ayin gwamnati mai ci, shi kuwa digiri na uku yakan wuce wa'adin gwamnati ɗaya.

5.3 Kafofin Ƙetare

Tallafin ƙungiyar Kwamanwel, wanda ya samo asali a 1959, yana biyan cikakken karatu a Ingila, kuma ana bi ta hukumomin da aka ba izinin miƙa sunaye, ciki har da Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya. Akwai DAAD ta Jamus, da tallafin gwamnatin Sin, da na Turkiyya, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, da na cibiyar TWAS da ke Italiya. Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai a Saudiyya tana yafe wa ɗalibanta na digiri na uku kuɗin makaranta, ta kuma ba su alawus. Mata masu kimiyya suna da shirin Faculty for the Future na Gidauniyar Schlumberger. Shi kuwa Chevening, wanda ake yawan ambata, na digiri na biyu ne kawai.

Nau'in da ya fi dacewa da halin da ake ciki shi ne na rabin gida rabin waje. Kwamanwel tana ba wanda ya riga ya yi rajista a jami'ar ƙasarsa wata 12 a Ingila. Har zuwa 2025, shirin Fulbright ya kasance yana ba ɗaliban digiri na uku na Nijeriya damar zuwa Amurka na ƙasa da shekara guda don amfani da ɗakin gwaje-gwaje da laburare. Digirin na jami'ar gida ne, malami bai yi nisa da iyalinsa da ajinsa na shekaru ba, kuɗin kaɗan ne, fargabar ƙin dawowa ma ta ragu.

A cikin gida kuma akwai cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2014. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana cikinsu, tana da kayan aiki na zamani, kuma tafiyar sa'a guda ce ko ƙasa da haka daga Wudil idan hanya ta yi kyau.

6.0 Inda Gurbi da Kuɗi Suke Sarƙewa

Mai ba da tallafi yakan ce a kawo takardar gurbi. Jami'ar waje da ofishin biza kuma sukan ce a kawo shaidar kuɗi. Takardar gurbi tana da wa'adi, galibi zango ɗaya ko shekara guda idan an nemi ɗagawa. Sakamakon jarrabawar Ingilishi yana mutuwa bayan shekara biyu. Kwamanwel tana rufe karɓar takardu kusan shekara guda kafin fara karatu, jami'o'in Amurka a watan Disamba ko Janairu, kason TETFund kuwa yana bin kalandar asusun da zaman kwamitin jami'a. Idan ɗaya ya makara sai sauran su lalace, a koma farko da sabon kashe kuɗi. Daga wannan lissafi, wanda ke son fara karatu a watan Satumba yana buƙatar ya fara shiri aƙalla wata 15 zuwa 18 kafin lokacin.

Karatun gida ya kuɓuta daga biza da canjin kuɗi, amma yana da nasa cikas. Yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in tarayya wata tara a 2020, da wata takwas a 2022, kuma a irin wannan lokaci babu gabatar da ƙuduri, babu kare kundi. Malamin da ya yi rajista a Kano ko Zariya sau da yawa ba ya samun cikakken hutun ƙaro ilimi. Da safe yana gaban aji mai ɗaruruwan ɗalibai a Wudil, da rana yana kan hanyar zuwa ganin jagoransa, da dare yana makin takardun jarrabawa. Samfurin da ya ɗebo daga kogi yana jiran na'urar da ta lalace ko wutar da za ta riƙe firji, wani lokaci sai an aika da shi wata jiha ko wata ƙasa a biya. Da haka shekara uku take komawa shida ko bakwai. Wannan jinkiri daga tsari yake, kuma kuskure ne a ɗora shi a kan raunin ɗalibi.

7.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Jami'a

Tunda an rufe ƙofar ƙetare ta TETFund, kuɗin da ake kashewa a kan mutum ɗaya a waje zai iya ɗaukar nauyin mutane da yawa a gida. Amma yawan masu rajista ba zai haifar da ingancin kundi ba idan babu kayan aiki da lokacin yin binciken. Malaman da aka tura waje a shekarun baya sun dawo, da yawansu sun kai matsayin duba ɗalibai, kuma har yanzu suna da alaƙa da jami'o'in da suka horar da su. Wannan alaƙa ita ce hanya mafi arha ta samun jagora na biyu daga waje da gurbin 'yan watanni a ɗakin gwaje-gwaje.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar izinin Abuja. Jami'a za ta iya ƙayyade kwanakin fitar da takardar cikakken sakamako, ta riƙa aika ta ta intanet. Za ta iya buga sharuɗɗan zaɓen waɗanda za a ba tallafi da jerin masu jira, kowa ya san matsayinsa. Za ta iya buɗe ƙaramin ofishi da zai riƙa bin kalandar masu ba da tallafi, ya kuma haɗa mai nema da babban malamin da zai karanta masa ƙudurinsa kafin ya aika. Mafi muhimmanci, duk malamin da ya yi rajistar digiri na uku a jami'ar gida a rage masa kwasa-kwasan koyarwa a rubuce, a kuma ba shi aƙalla shekara guda cikakkiya ta aikin bincike. Ana kira ga majalisar dattawan jami'ar da Gwamnatin Jihar Kano su sa wannan a cikin ƙa'idojin aiki da kasafin shekara mai zuwa.